Gonar da Uzairu Bai Ƙona Ba

A ƙauyenmu da ke bayan Yako, in ka ce kana neman Uzairu za a tambaye ka wanne. In ka ce Ba-Zama, kowa zai nuna maka hanyar gonarsa. Gidansa kam ba mai nuna maka, don ba a samunsa a gida. Na yi masa ƙwadago damina da yawa, noma da girbi, ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune ba. Zai yi 'yan lomomi ya miƙe ya je ya gyara darni, ya dawo ya ƙarasa a tsaye. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji ta bari.

Ba ɗan asalin nan ba ne. An haife shi a wani ƙauye da ruwan madatsar Tiga ya cinye. Yana ƙarami aka loda su a mota da tukwane da awaki, ubansa ya yi ta yawo da su har ya samu wannan gona ta bakin kwari. Yanzu gemun Uzairu ya yi fari, amma in rigimar iyakar gona ta tashi, sai an samu mai tuna masa cewa ba a nan aka binne kakansa ba. Fartanya yake ɗauka ya yi gaba.

Karatunsa na allo ne. Yana noman dawa da masara da ɗan wake, da rani kuma ya tufka igiya ya kai kasuwa. Bai iya jawabi ba. In aka yi mutuwa ba za ka ji shi yana dogon ban-haƙuri ba, sai dai ka tarar da shi a maƙabarta ya riga masu haƙa.

Akwai wata al'ada tsakaninsa da Ado. Ado Bafillace ne, makiyayi, yana da mata ɗaya mai suna Bushira, da 'ya'ya, da tsohuwar uwarsa. Kowace shekara in an gama girbin dawa, Ado zai koro garkensa ya kafa ruga a tsakiyar gonar Uzairu. Shanu su ci karan da aka bari, su zubar da taki, su yi ta kwana a wurin har ruwan farko. Uzairu ya ba shi dawa, Bushira ta aiko da nono gidan Uzairu. Haka iyayensu suka yi. Da yawa a garin ma suna yi, kowa da nasa Bafillacen, amma gonar Uzairu ce mazaunin Ado.

In suka haɗu ba gaisuwar kirki. Ado zai ce, "Kaɗo, bana ma ka bar mini kara ko ka cinye da yunwa?"

Uzairu ya ce, "Ɗan Fillo, shanunka sun fi ka ƙiba. Su kaɗai ke cin abinci a gidan?"

Daga nan sai su tsuguna su yi maganar ruwa da cutar hanta.

Abin da ya sa nake ba da labarinsa ya samo asali ne daga wayar 'yarsa Husna, wadda ke karatun malanta a Kano. Wani hutu ta dawo, muna sussukar masara a ƙofar gida, ta ce an koya musu tarihin kisan da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawa a Turai, mutum wajen miliyan shida. Ta miƙo wa ubanta wayar. Na leƙa. Hoton takalma ne, tsibi guda kamar dalar gyaɗa, na manya da na yara, masu su duk an kashe su. Ta ce a jirgin ƙasa ake kwaso mutane, a taragan dabbobi, a kai su sansani a shaƙe su da iska mai guba, a ƙona gawarwakin.

Ni dai na ce innalillahi na koma kan masarata. Uzairu ya daɗe riƙe da wayar. Sai ya ce, "Wa ya tuƙa jirgin?"

Husna ta ce, "Direbobi mana, Baba."

"Wa ya gina wurin ƙonawar?"

"Birkiloli, ina jin."

"Wa ya tara takalman nan wuri ɗaya?"

Ta ce su kansu fursunonin ake tilastawa. Ya ce to, su ba su da zaɓi, amma direban fa, yana komawa gida ya ci abinci da 'ya'yansa? Ta ce haka ake cewa. Ya tambaye ta da kisan aka fara? Ta ce a'a, an fara da cewa kada a yi ciniki a shagunansu, aka kore su daga aiki da makaranta, aka sa musu alama a riga. Ta ƙara da cewa a Ruwanda ma kafin a ɗauki adda, sai da aka daɗe ana kiran Tutsi kyankyasai a rediyo.

Ya mayar mata da wayar, ya ce da ni, "Hamidu, mutum miliyan shida ba sarki ɗaya ne zai kashe su da hannunsa ba. Sai da 'yan ƙwadago." Ya ɗauki buhu ya fita. Bai sake ɗaga maganar ba, har na zaci ya manta.

Shekarar da abin ya zo ƙofarmu, amfani ya yi kyau. Ana ƙarshen girbi aka kawo gawar Sharif. Ɗan acaɓa ne, yaron kirki, ɗan Inna Kaltume. Ya ɗauki fasinja zuwa wajen Doguwa, 'yan bindiga suka tare hanyar daji suka harbe shi suka tafi da babur ɗin. Fasinjan ya tsira, ya ce ya ji suna Fillanci. Wannan kaɗai aka sani. Har yau ba a san ko su wane ne ba.

Ƙanin Sharif, Kamilu, shi ya wanke gawar yayansa. Duk wanda ya ga fuskarsa ranar ba zai zage shi ba, ni ma ba zan zage shi a nan ba. Amma tun ana zaman makoki saƙonnin murya suka fara yawo a wayoyi. Wani da ba mu san fuskarsa ba yana cewa Fulani kaska ne, sun maƙale a jikin manomi suna shan jini, kaska kuwa ba a lallashinta, cire ta ake yi. Kafin sadakar bakwai kalmar ta shiga bakin kowa. Mace za ta ce da 'yarta kada ta sayi nonon kaska. Yara suna rera ta.

Ado ya zo ta'aziyya. Ba wanda ya matsa masa a tabarma. Ya yi addu'arsa a tsaye ya koma.

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar mai unguwa. Matasa suka kawo shawara, dattawa suka yi shiru, shirun ya zama amincewa. Kada a sayi nono. Kada mai injin niƙa ya niƙa musu hatsi. Kada ɗan acaɓa ya ɗauke su. Kuma kowa ya kwashi karan da yake buƙata na darni da girki, ya cinna wa sauran wuta, don kada shanu su samu abin da zai kawo su. In ba abinci, za su tafi da kansu.

Sati bai zagayo ba gonaki suka koma baƙi ƙirin. Hayaƙi ta ko'ina, ido yana yaji, toka tana faɗa wa mutum a kwanon abinci. Sauran Fulanin da ke sauka a gonakinmu suka ji labari suka canja hanya. Ado kuwa ya riga ya kafa rugarsa. In ka hau tudu ka duba, gona ɗaya ce tak mai launin kara a cikin baƙin nan, da fararen shanu a cikinta. Ta Uzairu.

Kwanakin nan Ba-Zama ya ci sunansa. Da safe ka gan shi da buhun dawar Bushira a ka, zai kai niƙa Yako a matsayin nasa. Da hantsi yana ɗebo musu ruwa. Da azahar yana gidan mai unguwa, wanda ya ce masa, "Malam Uzairu, ni ma ba son raina ba ne, amma yaran nan ba sa jin magana yanzu." Ya rame. Ko sallah in aka sallame, shi ne farkon mai neman takalmi.

Wata safiya a teburin mai shayi Kamilu ya tare shi. Ina wurin.

"Baba Uzairu, barka da asuba."

"Barka kadai, Kamilu. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri ya ƙare, Baba. Yaushe za ka ƙona?"

"Ba zan ƙona ba."

"Garin nan duka sun ƙona. Kai kaɗai ka fi kowa tausayi? Ko don ba ɗanka aka harbe ba?"

Uzairu ya ajiye kofinsa. "Ado ne ya harbe shi?"

"Danginsa ne."

"Ranar da aka harbe Sharif, Ado yana gonata muna kafa turaku. Ga Hamidu nan."

Na ce haka ne.

Kamilu ya ce, "Duk kaska ɗaya ce."

A nan ne Uzairu ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji a bakinsa, ita ma ba ta da tsawo. Ya ce akwai ƙasar da aka fara da hana ciniki da Yahudawa, aka ƙare da tsibin takalman yara. Ya ce akwai inda aka fara da kiran mutane kyankyasai. Ya ce, "Mu kuma mun samo kaska. Mun hana nono, mun hana niƙa. Me ya rage a layin?"

Mai shayi ya bushe da dariya. "Jama'a ku zo ku gani, Ba-Zama ya zama lauyan Yahudawa! Baba, ba ka kallon abin da ake yi wa Falasɗinawa ne?"

"Ina gani. Yaron da aka kashe can ma yana da takalmi. Shi ya sa ba na son a ƙara da na gonata."

Ba wanda maganar ta juya wa ra'ayi. Ina faɗar wannan ne don masu zaton magana mai kyau tana kashe wuta. Kamilu ya miƙe ya ce, da ladabinsa kuwa, "Baba, ranar kasuwa mai zuwa in rugar nan tana nan, mu za mu ƙona maka karan. Duk abin da ke ciki, ruwansa."

Abin da ke ciki shi ne bukkokin kara, da tsohuwa da ba ta iya doguwar tafiya, da Bushira da ke wankan jego, jaririnta ko suna ba a daɗe da raɗawa ba.

Da la'asar na raka Uzairu rugar. Ado ya riga ya ji. Yana ɗaure kaya, ba tsokana yau.

"Zan tafi, Uzairu. Kada su ƙona ka saboda ni."

"Ta ina za ka bi?"

Kowa ya san amsar. Ƙauyukan gaba sun kafa shingen sintiri a hanya, saƙon muryar nan ya riga shi isa can. Bafillace da ya taso daga garin da aka yi kisa, yana kora shanu da sauri, ba wanda zai tsaya tambayarsa dalili. A garinmu an san sunansa. A can ba shi da suna.

Uzairu ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya zagaya turaku, ya dawo, ya sake zagayawa. Can ya tsaya gaban wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ya ce, "Wannan ba ta mai injin niƙa ba ce?"

"Tasa ce."

"Wancan bijimin fa?"

"Na Kamilu. Waccan mai maraƙi ta marigayi Sharif ce."

Abin da garin ya manta ke nan cikin zafin rai. A wajenmu in manomi ya samu rarar amfani, saniya yake saya, amma ba ya ɗaure ta a gida. Wa ke da lokacin kiwo? Bafillace yake ba wa ya haɗa da garkensa, nonon na makiyayi, 'ya'yan na mai saniya. Mata ma haka suke yi da abin gadonsu. Mutum zai shekara bai ga dabbarsa ba, har ya daina tunanin tana cin abinci. Kusan rabin garken Ado na mutanen garinmu ne. Kuma da yake dabbobinsu ba sa gida, harawar wake da ta gyaɗa tuni suka sayar wa 'yan Kano tun a gona, kamar kowace shekara. Sauran karan kuwa sun ƙona da hannunsu.

Uzairu ya ce, "Kwance kayanka. Gobe za ka mayar wa kowa amanarsa."

Washegari da hantsi, lokacin da gari ke cike, muka koro shanun mutane zuwa filin ƙofar mai unguwa. Ado a gaba, ba sanda a hannunsa, don Uzairu ya ce ya bar ta. Ni da Uzairu muna ɗauke da igiyoyin da ya tufka, sababbi. Kan ka ce wani abu fili ya cika, mata na leƙowa ta kan katanga.

Uzairu ya durƙusa ya gaida mai unguwa. "Ranka ya daɗe, gari ya ce Ado ya tafi. Ba zai tafi da dukiyar mutane ba, kada gobe a ce ya sata. Kowa ya karɓi tasa a gabanka."

Ado ya fara kira. Ba takarda, a ka yake riƙe da su. Ya kama jar saniyar ya ce ta mai injin niƙa ce, tana da ciki. Uzairu ya ɗaura mata igiya ya danƙa wa mai ita. Mutumin ya tsaya riƙe da igiya yana kallon saniya, saniya na kallonsa.

"To yanzu ina zan kai ta?"

"Gidanka," in ji Uzairu.

"Ta ci me?"

Wata mata ta amsa daga bayan katanga, "Ka niƙa mata toka a injinka!"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Aka kira limami, aka ba shi karsana biyu. Aka kira mai shayi, wanda ashe yana da ɗan bijimi a garken, ya ce shi a bar masa tukuna sai ya yi shawara. Uzairu ya ce ba ajiya, makiyayi tafiya zai yi. Shi kansa mai unguwa da aka jawo nasa, sai ya fara gyaran murya yana cewa ai abin bai kai haka ba. Shanu suka fara kuka, suna ja da baya wajen Ado, don shi suka sani. Wani ya tambayi kuɗin buhun dusa, aka faɗa masa, ya yi salati.

Sai aka zo kan saniyar Sharif. Ado ya riƙo ta, maraƙin na bin ta, ya ce a hankali, "Wannan ta marigayi ce. Ta haihu bayan rasuwarsa. Ban samu wanda zan faɗa wa ba."

Aka aika aka kira Inna Kaltume. Ta fito da mayafinta, tana dogara sanda. Ba ta kalli saniyar ba, Ado ta kalla.

"Ado."

"Na'am, Inna."

"Kai ka kashe mini ɗa?"

"Wallahi a'a, Inna."

"Ka san wanda ya kashe shi?"

"Da na sani da na faɗa. Ni ma sun kwashe wa ƙanena shanu bara."

Sannan ta ce, "Sharif da kansa ya kai maka ita. Ni ban iya kwance abin da ya ɗaura ba. Koma da ita. Kuma ka ce wa matarka ta aiko mini da nonon, na saniyar ɗana ne." Ta juya ta shige gida.

Kamilu ya zo ya karɓi igiyar bijiminsa daga hannun Uzairu, bai kalli kowa ba, ya ja abinsa ya tafi. Wasu mutum biyu suka bi sahunsa da nasu. Sauran kuwa, ɗaya bayan ɗaya, suka riƙa miƙo igiya suna cewa a riƙe musu zuwa damina kawai, ba don komai ba. Mai unguwa ya yanke cewa tunda dukiyar gari tana gonar Malam Uzairu, duk wanda ya kai wuta wurin, garin gaba ɗaya ya sa wa wuta.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba a ƙona ba.

Na ce da Uzairu ya yi nasara, ya zauna ya huta. Ya harare ni. "Wace nasara? Ka ji wanda ya ce a bar su don jaririn Bushira? Shanunsu suka ji wa tsoro. Bafillacen da ba ya riƙe da saniyar kowa fa, wa zai tsaya masa?"



Abubuwa ba su koma yadda suke ba. Mai injin yana niƙa wa Bushira, amma sai kowa ya gama. Nono wasu na saye ta ƙofar baya. Kalmar kaska ta ragu a bakin manya, ba ta mutu ba. Kamilu ya sayar da bijiminsa ya shiga 'yan sintiri, in ya haɗu da Uzairu yana gaishe shi, gaisuwar da ba a tsayawa. An daina kiran Uzairu sasanta rigimar gona, wai ya nuna ɓangarensa.

Karan gona ɗaya bai ishi garken ba. Kafin tsakiyar rani shanu sun rame, Uzairu da Ado suna yawon kwari suna yankan ciyawa da sassaben ganye, masu shanun na zuwa suna ƙorafin dabbobinsu sun lalace. Uzairu yakan miƙa wa mai ƙorafi lauje. Wasu sun karɓa.

Ado ya kai ruwan farko a gonar, da uwarsa da matarsa da 'ya'yansa, ba wanda ya rasa ko ɗaya. Ranar da zai tashi ya ce, "Kaɗo, baɗi in zo?"

Uzairu yana kwance turaku, bai ɗago ba. "In ka ga kara a tsaye, ka shigo."